Ɗanyar Dawa

Shekarar da mahara suka ƙone mana rumbuna, ƙauyukanmu uku da ke gabas da Gaya suka yarda su haɗe, su gina gari guda mai ganuwa. Inda za a kafa shi da sunan da za a raɗa masa, nan aka sha gardama.

Mai unguwa Da'u ya ce a hau tudunsa, a kira garin Tudun Da'u. Kai, mutumin nan da son kai! Malam Sa'idu liman ya ce a matsa hanyar Gafasa, a sa masa Madina don neman albarka. Wani ma cewa ya yi Sabuwar Gaya, aka bushe da dariya.

A al'adarmu, ba a fara ganuwa sai rijiya ta ba da ruwa. Aka haƙa a tudun Da'u, aka ci karo da dutse. Aka haƙa a hanyar Gafasa, ruwan ya fito da kanwa, jaki ma ya ƙi sha. Ga kaka ta gabato, kowa kuma ya san da rani mahara ke dawowa.

Ga kuma kakana Inuwa. Gonarsa tana kwari, gindin tsamiya, kuma ya san ƙasarta ba ta bushewa. Ita kaɗai gare shi. Dawa ta fid da kai amma ba ta nuna ba, in ya yi shiru wata guda zai girbe abincin shekara.

Ya shiga gida ya gaya wa kakata Hajo zai ba da gonar a haƙa rijiya, a kafa garin a nan. Ta ce, "Malam, me yaran za su ci?"

Ya ce, "In babu ganuwa, wa zai ci dawar?"

Ta yi kuka, wallahi ta yi, sannan ita ta miƙo masa adda.

Ya sare dawarsa ɗanya, aka haƙa, ruwa ya ɓullo garai-garai. Kunya ta kama Da'u, ya ce a sa Garin Inuwa. Kaka ya ce, "Haba, ni na ba da ruwan?" Sai aka tsaya a kan Madina, liman ya shafa fatiha.

Ina! Masu ɗaukar ƙasar gini in an tambaye su ina za su, sai su ce, "Ɗanyar dawa." Sunan ke nan har yau.

Shekarar nan gidanmu da tafasa da dusa aka kai damina. Ni dai ban ga namiji kamarsa ba. Kakata kuwa har ta rasu, ba ta taɓa faɗin sunan garin nan ba sai ta share ido.