Masu Gaisuwa da Fitila

Tun da Nata'ala ya zo Alƙahira karatun fiƙihu abu ɗaya ke cin ransa: garin ba ya gaishe shi. Shi mutumin Gumel ne, inda daga ƙofar gida zuwa masallaci sai maƙogwaron mutum ya bushe don amsa gaisuwa. A nan kuwa sai ya ratsa unguwar Hay el-Sabi' daga wannan kai zuwa wancan babu wanda ya ko ɗaga masa gira. Ya sha kai wa matarsa Mardiya wannan ƙorafi har ta haddace, in ya ɗauko ta ƙarasa masa.

Sai Allah ya kawo mota. Wani abokin karatunsa ɗan Mombasa ta ƙasar Kenya, Hussain, zai je gida ya daɗe, ya bar masa amanar motar da ya shigo da ita daga can. Sitiyarinta a dama yake, don mutanen Kenya ta hagun titi suke tuƙi. Nata'ala bai damu ba, tunda ba da kuɗinsa ya saya ba.

Ranar farko da ya fito da ita bayan magariba zai tafi darasi a unguwar Abbasiya, motar da ta fara tunkaro shi ta ƙifta masa fitila. Ta bayanta ma haka. Wani direban bas ya ƙifta, ya haɗa da hon, ya zuro hannu ta taga yana kaɗawa. Nata'ala ya ji ƙwalla ta cika masa ido don murna. Da yake mai karatu ne ya san hukunci: in an gaishe ka, ka mayar da irinta ko wadda ta fi ta. Ya zaɓi wadda ta fi, ya ɗaga fitilarsa har ƙarshe ya riƙe.

"Ashe mutanen kirki ne," ya gaya wa Mardiya da ya dawo. "A ƙafa ne kawai ba sa gane mutum."

"Kai kaɗai suke gaisarwa, Malam?"

"Ni kaɗai. Na lura sosai."

Ta ce Allah ya ƙara ɗaukaka, ta ci gaba da yanka albasarta.

Daga nan Nata'ala ya sake. Ya daina zancen tattara littattafai a koma gida, har ya yi ɗan kumatu. In babu darasi ma sai ya ƙirƙiro sayen burodi a unguwa mai nisa, don kada masu gaisuwa su ga shiru.

Da lokacin sauya baƙin mai ya yi, ya kai motar wurin Hamad, wani dattijon bakanike Bahaushen Sudan da ke da gareji a Abbasiya. Cikin hira ya ba shi labarin karamcin direbobin Masar. Hamad ya karɓi makulli ya shiga. Ya juya motar ta fuskanci bango, ya kunna fitila. Hasken ya kwanta ta dama, ta hagu kuwa ya miƙe sama.

"Ka gani, ya Ustaz? A Kenya hagu bakin titi ne, can take haskawa don a ga masu tafiya a ƙafa. A nan hagu idon mai tahowa ne."

"To su kuma da suke ƙifta mini?"

"Cewa suke ka kashe musu ido."

"Mai kaɗa hannun fa?"

"Ma'alish, yi haƙuri, wannan ba zan fassara maka ba, kana da alwala."

Nata'ala ya daɗe yana kallon bangon. Kunya ta kama shi, amma baƙin cikin ya fi kunyar yawa. Hamad ya ce magani mai sauƙi ne, a liƙa baƙin salatif a inda hasken ke tashi, khalas, shi ke nan.

"In an liƙa, za su daina?"

"Ko kallonka ba wanda zai ƙara yi."

Nata'ala ya laluba duk abin da ya karanta ko zai sami ƙofar da ta halatta cutar da mutane a hanya don a kula ka. Bai samu ba.

"Liƙa, Baba Hamad," ya ce.

Aiki ya yi kyau. Daga Abbasiya har gida, bayan magariba, motoci suka yi ta wuce shi kamar babu kowa a ciki. Hannunsa na kan makunnin fitila ko za a dace, ba a dace ba. A bakin wata danja ya kira Mardiya ya gaya mata komai, muryarsa kamar mai sanar da rasuwa. Ta ce Allah ya kawo shi lafiya, ta kashe waya.

Da ya karyo kwanar layinsu ya rage gudu yana neman wurin ajiye mota. Can sama a hawa na huɗu, fitilar barandarsu ta mutu ta kama, ta sake mutuwa ta kama. Mardiya ce tsaye, hannunta a jikin bango, fuskarta ba alamar dariya.

Nata'ala ya tsaya a tsakiyar layi, na bayansa suna ta danna masa hon. Ya share ido da hannun riga, ya mayar mata da wadda ta fi.