Teburin da Ba Shi da Kujera

Wani kafinta yana da 'ya mai shekara tara, kowa a gidan yana ce mata Mazari, don ba ta iya zaman minti biyu wuri ɗaya. In an aike ta ɗauko guduma, sai ta dawo hannu wayam da labarin kyanwar maƙwabta. Shi kuwa mutum ne mai son komai a kan awo. Kullum da yamma sai ya zaunar da ita gaban aikin makaranta, ya tsaya a kanta: "Zauna daidai. Daina kaɗa ƙafa. Ke dai kunnen ƙashi gare ki."

A hankali yarinya ta yi sanyi. Ta daina surutu, ta fara kukan ciwon ciki duk safiyar makaranta. Shi a zatonsa tarbiyya ce ta fara kamawa, sai ranar da ya miƙa hannu zai ɗauko fensir a saman kabad, ya ga ta kare fuskarta da hannu biyu. Bai taɓa dukanta ba. Ya sauke hannunsa.

Ya kai ta asibiti. Likitar ta daɗe tana yi musu tambayoyi, sannan ta ce masa, "Ba taurin kai ba ne, malam. Hankalinta ne ba ya daɗewa a kan abu guda. Ka riƙa ba ta umarni ɗaya-ɗaya, ka bar jikinta ya motsa."

Da ya gaya wa mahaifiyarsa, sai tsohuwar ta yi dariya. "Wa ya taɓa ganinka a zaune kana yaro? Wando nawa ka kashe mini a kan katanga?"

A ranar ya haɗa tebur da ragowar katako, tsayinsa daidai ƙirjin yarinyar.

"Baba, ina kujerar?"

"Babu. Yi lissafi uku a tsaye, ki zagaya tsakar gida, ki dawo."

Ta dube shi, tana tunanin ko tarko ne. Ta yi ukun, ta zagaya, ta dawo da kanta.

Ba a rana ɗaya halinsa ya sauya ba. Yakan manta ya daka tsawa, sai dai yanzu yakan biyo ta ya ce, "Yi haƙuri, uwata." Ciwon cikin ya ragu, har aka daina zancensa.

Ranar da aka ba da hutu ya tambaye ta takardar sakamako. Ta daskare.

"Na baro ta a aji."

Ya ja numfashi. "Sa takalminki, mu je tare."

Mai gadi ya buɗe musu ajin. A ƙarƙashin bencinta suka sami takardar, har da safa ɗaya da gorar ruwan da aka yi mako biyu ana nema. Ta zo ta ashirin da ɗaya. A ƙasa malamarta ta rubuta: "Ta fara ɗaga hannu a aji." Nan a tsaye ya karanta layin sau biyu, ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihun gaba.