Bugun Filafili a Tungar Kanta

Shekara biyu bayan Turawa sun naɗe tutarsu, wata mota mai rufin tamfol ta taso daga Bagudo ta tsaya a Tungar Kanta, bakin kogin Kwara. Mutum biyu suka fito. Ɗaya Malam Attahiru ne, disfensan Bagudo, wanda kowa ya sani. Ɗayan gajere ne, ba fari ba baƙi ba, gashinsa kwance luf. Attahiru ya ce sunansa Likita Manalo, daga wata ƙasa wai ita Filifin, can gabas da Makka nesa.

Kimba mai fito ya ɗaure jirginsa ya zo kallo. Shekara ashirin da biyu yana ƙetarar da fatake masu zuwa iyakar Dahome, bai taɓa ɗaukar mai irin wannan fuska ba. Amma ba fuskar ce ta ɗaure masa kai ba.

"Masu lahiya yake nema," in ji Attahiru.

"Mi za ya yi da su?" Kimba ya tambaya.

"Dubawa."

"Malam, mai lahiya mi za a duba mishi? Ko can garinsu marasa lahiya sun ƙare?"

Aka fashe da dariya. Attahiru ya bari ta lafa, sannan ya yi bayani. Likitan ya yi irin wannan bincike a cikin masuntan ƙasarsu, tsibiri bayan tsibiri, ya tarar ciwo kan zauna jikin mutum shekaru kafin ya kwantar da shi. Nan kuwa ido zai duba, saboda makantar da ƙananan ƙudajen kogi ke kawowa.

Kimba ya daina dariya.

Tun daminar bara gaɓar ƙetare ta fara ɓace masa. Ɓauren da yake saita jirgi da shi ya koma kamar hayaƙi. Ba wanda ya sani sai Namadi, mijin ƙanwarsa, mai zama a goshin jirgi. Masu fito suna da yadda suke magana ranar da hazo ya rufe ruwa: na gaba ya bugi gefen jirgi da filafili, katakon tuƙi. Bugu ɗaya dama, biyu hagu, uku gaba, in ya ja katako ƙiii baya. Shekara guda ke nan Namadi yana buga wa Kimba, ko da rana tsaka. A tungar kuwa doka ɗaya ce: wanda aka ji idonsa ya mutu, Sarkin Ruwa ya karɓi filafilinsa, ya koma gindin tsamiya saƙar komar kamun kifi kamar Baba Malami.

Da safe likita ya rataye farin allo jikin tsamiyar. An zana abu kamar manjagara mai haƙora uku, manya a sama, suna ƙanƙancewa har layi bakwai. Mutum zai tsaya taku goma, ya rufe ido ɗaya, ya nuna da hannu inda haƙoran suka dosa.

Ba a yi shawara da baki ba. Maza suka dubi juna kawai. Wa zai bar ɗan'uwansa ya tozarta gaban baƙo da mata? Namadi ya je ya zauna bisa wani kifaffen jirgi kusa da allon, ya ɗauki filafili, wai yana gyaran ƙusa.

Ƙwas. Mutum ya nuna dama. Ƙwas ƙwas ƙwas. Ya nuna sama.

Maza arba'in da ɗaya suka wuce, kowa har layi na bakwai. Kimba ma. Ƙarshe aka zo kan Baba Malami, wanda sanda ta kawo shi wurin. Ya cinye allon tas, alhali fuskarsa na kallon rumbu.

Likita ya dubi tsoho, ya dubi allo. Ya je ya tsaya inda tsohon ya tsaya, ya cire tabarau, ya mayar. Ya yi magana, Attahiru ya fassara.

"Baba, wai da gaske kana gani?"

"Ras, ɗana. Har na bayan allon."

Likita ya rubuta wani abu a littafinsa.

Bayan azahar Kimba ya ɗauki likita da Attahiru zai ƙetarar da su tunga ta gaba. Rubutun nan ya tsaya masa a rai. Me ake yi da lafiyar mutum in an zuba ta a takarda? Da suka kai tsakiyar ruwa ya kasa haƙuri.

"Malam, wanga littahi ina za shi?"

"Birni. Can za a duba garin da ciwo ya fi yawa, a fara kai ƙwayoyi. Ba su isa kowa. Ku kam Allah ya yi muku, an share sunanku. Garin Kende za a kai."

Kimba ya yi tuƙi uku, sannan ya tambaya.

"Maganin shina maido ido?"

"Wanda ya tahi ya tahi. Wanda ya saura shi ake tsarewa."

Nan Namadi ya hango tudun yashi a gaba. Ƙwas. Kimba ya karkata dama. Likita, wanda tun ɗazu yake kallon ruwa, ya ɗago kai. Ya dubi na gaba, ya dubi na baya. Sai ya sa zoben hannunsa ya bugi gefen jirgi sau biyu.

Hannun Kimba ya juya jirgi hagu kafin kansa ya sani.

Namadi ya sunkuyar da kai. Likita ya yi dariya har da share ido, ya yi magana mai tsawo.

"Wai ubansa masunci ne," in ji Attahiru. "Su ma suna bugawa, sai dai nasu da kwarya. Wai tun safe yake tunanin inda ya san sautin." Ya saurara, ya ƙara. "Wai ba zai sauya abin da ya rubuta ba. Ido naku ne. Sai wanda ya zo da ƙahwarsa."

Kimba ya dubi ƙetare. Ɓauren na nan, hayaƙi. Bara yana ganin rassa. Baɗi fa? Ya tuna Baba Malami, da ya taɓa zama gwanin kogin nan kaf.

Ya nitsa filafili ya juya jirgi.

"Yaya, mi kake yi?" in ji Namadi. "Ka san Sarkin Ruwa na gindin tsamiya!"

"Na sani. In mun isa ka zauna nesa da katako."

Aka sake rataye allo. Tunga ta taru, har mata masu dakan shinkafa. Kimba ya tsaya taku goma ya rufe ido ɗaya. Babu bugu. Layi na farko ya gani. Na biyu ya gani. Na uku ya daɗe, ya nuna. Na huɗu ya sauke hannu.

"Iyakata ke nan."

Likita ya ɗebi fata kamar ƙwayar gero daga ƙugun Kimba, ya sa a madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa, ya kira shi ya leƙa. Da ƙyar Kimba ya ga wasu siraran abubuwa suna mutsu-mutsu. Ya daɗe yana kallo.

"Waɗanga duk cikina suke? Ko sallama babu."

Mutum goma sha bakwai suka biyo bayansa kafin la'asar. Sarkin Ruwa Sambo bai fasa doka ba. Ya miƙa hannu, Kimba ya ba shi filafili, shi kuma ya ba Namadi.

Ƙwayoyi suka iso Tungar Kanta bayan girbi. Suka sa Kimba ƙaiƙayi kwana huɗu kamar zai cire fata. Yanzu a gindin tsamiya yake zama, kusa da Baba Malami, koma a cinya. Kowace safiya kafin ya kama saƙa sai ya rufe ido ɗaya ya dubi ƙetare. Damina uku ke nan, ɓauren bai ƙara dusashewa ba.