Shayin Audi

Shekara talatin da ɗoriya Maliki da Audi suna zama rumfa ɗaya a karar Daura, wato kasuwar dabbobi. Maliki ɗan gari ne, dillalin shanu. Audi kuwa daga Mashi yake zuwa duk ranar kasuwa, da ɗan murhunsa da 'yar butar shayi ɗaure a bayan babur. Shayin nan na Audi, kai! Baƙi ƙirin, irin na Buzaye, kofi uku a jere, sannan a bi da goro. In ya tsiyaya sai ya miƙa ya ce, "Na Kulu, karɓi," don ya san Maliki ba ya son a tsokane shi da sunan matarsa a gaban mutane.

Bayan babbar salla abin ya fara. Maliki yana zaune lafiya lau sai ya ji zuciyarsa ta yi tuntuɓe, ta tsaya cak, sannan ta buga dam. Ya dafe ƙirji ya ce, "Ɗan Mashi, gabana ke faɗuwa." Audi ya ce ya yawaita addu'a, ya ƙara masa kofi.

A gida Kulu ta fara lissafin ranaku, ita dama ba abin da ke wuce ta.

"Alhaji, ka lura kuwa? Sai ranar kasuwa ya fi tsananta. In gaban mutum yana faɗuwa kullum a gaban mutum ɗaya, ai jikinsa ne ke faɗa masa wani abu."

"Ke raba ni da shirme! Audin?"

"Ni ban kama suna ba."

Ba ta kama ba, amma maganar ta zauna. Kasuwa ta gaba Maliki ya yi kamar yana duba haƙoran wani bijimi, alhali idonsa na kan hannun Audi. Sai ga shi kuwa: Audi ya juya baya, ya zaro wani ƙulli a aljihu, ya barbaɗa baƙin gari a kofi ɗaya. Kofin Maliki.

Audi ya miƙo wa Maliki kofin. Ya karɓa da murmushi, ya faki ido ya tuttular bayan tabarma. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Goron ma ya jefa aljihu. Ran nan har ya koma gida gabansa bai faɗi ba ko sau ɗaya. Ya sake gwadawa mako biyu, shiru kake ji. To me ya rage? Ya yi baƙin ciki, wallahi ya yi, don yana son Audi. Amma ya riga ya gani da idonsa.

Ranar da ya kasa haƙuri, rumfar cike take da Fulani da mahauta. Audi na zaro ƙullin Maliki ya cafke masa hannu.

"Me kake zuba mini? Faɗa wa jama'a! Me na tsare maka da kake neman kwantar da ni?"

Audi ya dube shi ya daɗe.

"Habbatus sauda ce. Kai ka ce gabanka na faɗuwa, na kuma san in na ba ka a fili ba za ka sha ba."

Ya kwance ƙullin ya juye sauran a bakinsa, ya haɗiye ba ruwa. Ya zubar da garwashi, ya ɗaure kayansa, ya hau babur. Maliki ya ce a ransa, ai dama mai irin wannan aiki ba ya rasa makari.

Wata biyu ba Audi, ba faɗuwar gaba. Sai ranar sunan jikarsa, aka kira mai shayi, Maliki ya sha kofi huɗu don murna, ya tauna goro har uku. Kafin azahar zuciya ta shiga tuntuɓe, fiye da na da. Ya ce shi ke nan, aikin ya biyo shi har gida. 'Yarsa Raihana ba ta tsaya sauraron wannan ba, ta sa shi a mota sai asibiti.

Likitar ta manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da takarda mai zane-zane. Ta nuna masa wani wuri da biro.

"Baba, ka ga nan? Wani bugu ne ke riga lokacinsa, sai zuciyar ta ɗan jira, na gaba ya zo da ƙarfi. Shi kake ji kamar faɗuwa. Naka bai nuna haɗari ba, amma in ka ji jiri ko ciwon ƙirji ka dawo maza. Kana shan shayi mai ƙarfi? Goro fa?"

Ta ajiye biron ta ci gaba.

"Wasu mutanen shayi da goro ne ke tayar musu da shi. Ka bari na ɗan lokaci, ka gani."

"Na taɓa bari," in ji shi a hankali. "Na gani."

Kunya ta hana shi cin abinci ran nan. Washegari da sassafe ya hau babur sai Mashi, yana ta shirya kalmomin da zai faɗa. Ya tarar da Audi a ƙofar gida gindin darbejiya, butar tana kan wuta. Audi ya miƙe, ya shimfiɗa masa tabarma, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Maliki ya zayyana komai, har takardar likita ya fito da ita. Ya ce, "Na zalunce ka, Ɗan Mashi. Ka yafe mini."

"Na yafe tun a hanya, Alhaji Maliki. Allah ya ƙara sauƙi."

Alhaji Maliki. Bai taɓa jin sunan nan a bakin Audi ba.

Shayi ya nuna. Audi ya ɗauko kofi ɗaya ya tsiyaya wa kansa. Maliki ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Shayi dai an hana ni. Ko ruwa ka ba ni, na sha hanya."

Audi ya nuna zaure da haɓa.

"Randa na can, moɗa na kai. Ka ɗiba da hannunka, hankalinka zai fi kwanciya."

Gaban Maliki ya faɗi ras, kuma tun safe bai sa komai a bakinsa ba.