Godiyar Inna Dinatu

Adaidaita sahun bai iya shiga lungunmu ba, don ruwan da aka yi da safe ya cika kwata har ya malalo hanya. Mijina Mikail ya shiga gida ya ɗauko kujerar roba, shi da ƙaninsa Nura suka ɗora Inna Dinatu a kai suka ɗauke ta, ni kuma ina biye da ledar magunguna da fulas. Daga baya Nura ya ce mini nauyin kujerar kawai ya ji a hannunsa.

Sallamarta aka yi daga asibiti. Likitan ya ja ni gefe, tunda ni ya saba gani a bakin gadonta, ya ce ciwon hantar ya ci jiki, a mayar da ita gida a kira danginta. Ita ma ta ji, don kunnenta lafiyarsa ƙalau. Amma ana tsallake taɓo da ita tana gaisawa da mutane. Ta yi wa mai shago ya kasuwa, ta tambayi Hajiya 'Yardada ya ƙafa. Da muka kwantar da ita a kan katifarta, ta bi rufin ɗakin da kallo, ta ce a hankali, "Na gode maka, Uba, ka dawo da ni ɗakina."

Inna Dinatu Kirista ce, kuma a iya sanina ita kaɗai ce a unguwarmu ta Ƙofar Ruwa. Bahaushiya ce daga wani ƙauye a kudancin Kano. Mijinta, marigayi Iliya, walda yake yi a kasuwa a ƙarƙashin surukina Alhaji Nata'ala, Alhajin ne ya yanka musu ɗaki biyu a gefen gidansa tun Mikail yana rarrafe. Sana'arta saƙa. Babu jaririn da aka haifa a lungun nan da bai sa hularta da safarta ba.

Da aka kawo ni amarya, katangar ƙasa ce kawai tsakanin ɗakina da nata. Kullum in na idar da sallar asuba sai in ji ta fara tata addu'ar. Roƙo kaɗan ne a ciki, yawanci godiya ce. Ta gode da barci, ta gode da ruwa ya zo a famfo, ta gode da ciwon bayan Iliya ya lafa, sannan ta yi waƙar yabo guda ɗaya ƙasa-ƙasa. Ranar da na fara jin sunana a ciki gabana ya faɗi, na je na gaya wa uwar mijina. Dariya ta yi ta ce in kwantar da hankalina, kowa na lungun nan yana ciki, har akuyar Hajiya 'Yardada ranar da ta haifi biyu.

'Ya'yanta biyu ne, Rahila da ƙaninta Samaila. Samaila ya gama bautar ƙasa, yana hanyar dawowa gida motarsu ta yi hatsari. Ina tsakar gidan ranar da aka kawo gawarsa. Da aka buɗe mata akwatin ta gan shi, Inna Dinatu ta durƙusa a ƙasa, ta daɗe, sannan muka ji ta ce, "Na gode maka, Uba." Rahila tana tsaye a bayanta. Na ga yadda ta dubi uwarta. Ana share makoki ta koma Jos inda take koyarwa, tun daga nan kuma sai gaisuwar waya a taƙaice. Sau ɗaya ta zo, rasuwar mahaifinta, shi ma ba ta daɗe ba.

Ni na kira ta na gaya mata abin da likita ya ce. Washegari da la'asar sai ga ta da ƙaramar jaka. Ta durƙusa ta gaida uwarta, ta cire mayafi ta kama aiki. Ta canza zanen gado, ta wanke banɗaki, ta goge wa uwar jiki da ruwan ɗumi, ta yanke mata farce. Ban taɓa ganin jinya mai tsafta irin tata ba. Sai dai ba ta magana. In matan zumunta na cocinsu suka zo daga Sabon Gari da zannuwansu iri ɗaya, suka zauna suna rera waƙa a hankali, Rahila tana nan tana ba su ruwa. Da zarar sun sunkuyar da kai za su yi addu'a, sai ta zame ta fita tsakar gida ta hau wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Inna Dinatu tana gani. Idonta a buɗe yake, yana kan ƙofa, har a shafa.

Wata rana da azahar ina zaune a gefen katifa ina matsa mata ƙafa, Rahila tana ba ta ruwa da cokali. Tun safe duk abin da ta sha sai ya dawo. A wannan karon ya zauna. Ta lumshe ido ta ce ta gode wa Ubangiji da ruwan nan mai sanyi.

Rahila ta ajiye kofin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mama, don Allah ki bari. Cikinki ya kumbura, ƙafarki ta kumbura, ba kya iya juyawa sai an juya ki. Godiyar me kuma?"

"Kin zo ai," in ji uwar.

"Ranar da aka kawo Samaila ma haka kika ce. Ina tsaye a bayanki. Ɗanki yana kwance a akwati, kika ce kin gode."

Na yunƙura zan fita, Inna Dinatu ta danne hannuna da ƙafarta, sai na koma na zauna. Ta ɗau lokaci tana tara numfashi.

"Ranar nan baki na buɗe zan zagi Allah, Rahila. Maganar tana nan a maƙogwarona. Na san in ta fito ba zan ƙara iya kiran sunansa ba, kuma ba ni da wani da zan kira. Sai na duba ko akwai abu ɗaya da zan riƙe. Fuskarsa ba ta lalace ba. Na gan shi na gane ɗana. A kan wannan na gode."

Rahila ta sunkuyar da kai.

Uwar ta ci gaba, tana yi tana hutawa. Ta ce bayan nan ta yi watanni in ta durƙusa da asuba ba ta samun abin faɗa, sai ta gode da gishiri, ta gode da ashana, ta tashi ranta a bushe. Ta ce haka ta yi ta yi kamar mai koyon tafiya bayan karaya, har wata rana ta ji ta gode da shekarun da aka ba ta yaron, kuma ta ji da gaske take.

"Amma ban gode da ya ɗauke shi ba," ta ce. "Har yau ban gode ba. Wannan tana tsakanina da shi. In na je zan tambaye shi."

Hawaye na zuba a kan siket ɗin Rahila, ba ta share ba. Ta ce me ya sa ba ta taɓa gaya mata haka ba. Uwar ta ce ba a tsaya an tambaye ta ba. Babu zargi a muryarta, faɗa kawai ta yi.

Can sai ta ce numfashinta ya fara gajarta, ba ta iya kai addu'ar safe ƙarshe. Ta roƙi Rahila ta riƙa yi mata, ko da abu ɗaya ne ta ambata, ita kuma ta ce amin.



"Ba zan iya ba, Mama. In na yi, ƙarya zan yi."

"To kar ki yi. Ki zauna kusa da ni kawai."

Haka aka yi. Daga ranar Rahila ta daina fita in za a yi addu'a. Takan zauna a gefen katifa, kan uwar a cinyarta, bakinta a rufe. Ni kuma ta katanga ina jin addu'ar tana raguwa. Waƙar ce ta fara tafiya. Daga baya jimlolin suka gutsuttsure, sai sunaye kawai, da dogon shiru a tsakaninsu.

Ranar wata Laraba da hantsi ta farka da ɗan ƙarfi. Idonta ya washe, har ta sa aka jingina ta da filo. Ta ce masara take sha'awa, gasasshiya, irin wadda suke gasawa a bakin gona suna yara. Ko ba ta ci ba ta ji ƙamshin. Rabon da ta nemi wani abinci da bakinta an kwana biyu. Rahila ta miƙe da sauri, fuskarta ta saki yadda ban gani ba tun zuwanta. Na ce ta bari in aika, uwar ta ce a'a, Rahila ce ta san irin wadda take so, mai laushi, ba wadda ta ƙosa ba. Masu gasawa kuma ba su fitowa da wuri a titinmu, sai an taka zuwa wajen kasuwa.

Muka ji ƙarar ƙyauren zaure.

"Ta tafi?" ta tambaye ni.

"Ta tafi, Inna."

"Tun tana ƙarama ba ta iya tsayawa inda ake yanka kaza."

Sai a lokacin na gane dalilin aiken. Na ce bari in bi ta in dawo da ita, ta riƙe mini hannu, riƙon da ban zaci tana da ƙarfinsa ba. Ta ce in zauna, kar in bar ta ita kaɗai.

Ta rufe ido ta fara. Sai da na kai kunnena kusa da bakinta nake ji. Ta gode da Iliya, da haƙurinsa. Ta gode da Samaila. Ta gode da Alhaji Nata'ala da ya ba su wurin zama bai taɓa nuna musu su baƙi ba ne. Ta gode da ni. Da ta zo kan Rahila ta tsaya, na zaci shi ke nan, sai ta ce ta gode da 'yar da ba ta yi mata ƙarya ba. Ta rufe da sunan Yesu kamar yadda ta saba. Ni dai ina riƙe da hannunta ina karanta abin da na iya a zuciyata. A waje mai ruwa yana tura kurarsa yana buga jarka. Ta ja numfashi, ta sake ja, sai na jira na gaba bai zo ba.

Na shafa mata ido, na miƙe mata ƙafafu, na ja zane na rufe ta zuwa ƙirji. Fuskar ban iya rufewa ba.

Rahila ta shigo da sallama, da masara biyu a naɗe cikin ɓawonsu, tana sauya su daga hannu zuwa hannu saboda zafi. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dube ni, ta dubi katifar.

"Da zafinta na kawo," ta ce.

Ta ƙaraso ta durƙusa, ta ajiye masarar a gefen filo, ta kifa goshinta a kafaɗar uwar. Ba ta yi kururuwa ba. Bayanta kawai nake gani yana girgiza. Da ta ɗago ta tambaye ni ko ta ce wani abu. Na faɗa mata addu'ar duka, yadda na ji ta, har abin da aka ce a kanta. Maganar kaza ce kawai na riƙe, har yau kuma ban faɗa mata ba.

"Abu ɗaya ta roƙe ni, Sa'ida," ta ce. "Abu ɗaya."



Fasto da mutanen coci suka zo suka shirya ta, aka kai ta ƙauyensu aka binne kusa da mijinta da ɗanta. Mikail da Nura da wasu dattawan lungu suka cika mota guda suka raka. Da aka dawo, matan unguwa suka zauna wa Rahila makoki kamar yadda ake yi wa kowa. Hajiya 'Yardada da ciwon ƙafarta kullum sai ta dogara sanda ta zo, ta zauna a bakin ƙofa tana ba da labarin yadda Dinatu ta kwana uku a kanta lokacin da ta yi ɓari.

Ana gobe Rahila za ta koma Jos, na kai mata tuwo da yamma. Ta kwashe komai na ɗakin ta ɗaure, ta raba na rabawa. Zannuwan uwar kuma ta wanke su duka ta shanya, sun cika igiya daga wannan bango zuwa wancan. Muka zauna a kan tabarma a bakin ƙofa. Ta wanke hannu ta buɗe kwanon, sai ta tsaya, hannun yana saman tuwon. Ta rufe ido. Ta daɗe a haka. Na dubi bakinta, ban iya gane ko yana motsi ba, sai na kawar da kaina.

Hadari ya haɗo ta gabas, aka fara yayyafi. Na miƙe zan kwashe shanyar.

"Bar su tukuna," ta ce.

Na koma na zauna. Tuwon yana hucewa a tsakaninmu, muna kallon zannuwan suna jiƙewa ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana ɗiga daga gefensu.