Mijina a Layin Marasa Aiki

Shekarar da tattalin arzikin ƙasa ya karye, masaƙun birninmu, Daegu, suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai gwamnati ta fito da aikin wucin gadi: sassabe a daji, kwashe shara a bakin kogi, fentin gadoji. Ni a sashen haraji nake, a majalisar birni. Wata Litinin cikin Afrilu ina isa aka ce in koma ofishin unguwarmu in taya su rubuta sunayen masu neman aikin. Ko gida ban samu na faɗa ba.

Layi har bakin titi, yawanci magidanta sanye da kwat. Shugaban ofishin, Malam Gil, ya karanta mana umarnin da aka aiko daga Seoul: gida ɗaya mutum ɗaya, kuma duk gidan da ke da mai albashi ba ya ciki. Uwargida Bang, wadda ke teburin kusa da ni, ta raɗa mini, "Mi-ran, kar ki kalli fuskarsu. Duba kati, ki buga hatimi."

Haka na yi har wajen sha biyu. Sai aka turo mini wani kati. Pyo Dong-su. Adireshin gidanmu ne.

Na ɗaga kai. Mijina ne, manajan sashen rini a masaƙa na shekara goma sha shida, cikin kwat ɗin da na goge masa da safe, da ƙunshin shinkafa da kimchi, kabejin nan mai yaji, a hammata.

"Baban Ye-jin?" na ce, yadda na saba kiransa da sunan 'yarmu.

Fuskarsa ta yi fari fat. "Me kike yi a nan?"

"Ni za ka tambaya? Tun yaushe?"

"Tun Disamba."

Na ajiye hatimin. "To albashin da kake kawowa fa?"

"Kuɗin sallama ne. Sun ƙare."

"Kullum ina kake zuwa?"

"Dutsen Palgong. Can nake wuni. Irina muna da yawa a can."

Wani tsoho a bayansa ya buga sanda a ƙasa. "Malama, in zance za ku yi, ku jira a tashi mana!"

"Kai, baba, yi mana shiru," in ji Uwargida Bang. "Aikin share daji ne, ba kujerar minista ba."

Na ɗauki katin na shiga wurin Malam Gil. "Yallaɓai, mijina ne."

Ya cire tabarau. "Kina karɓar albashi?"

"An zaftare mana shi."

"Amma kina karɓa." Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Wasu suna zuwa kotu su raba aure a takarda, su dawo da shaida. Jiya ma mutum biyu sun kawo. Ban ce ki yi ba."

Na tsaya ina kallonsa baki buɗe. Shi kuwa ya kasa haɗa ido da ni.

Na dawo teburina, na buga hatimin da ke cewa bai cancanta ba. Dong-su ya karɓi katin da hannu biyu, ya rusuna mini kamar yadda duk sauran suka yi, ya ce, "Sannu da aiki." Ya fita. Ban san yadda na kai ƙarfe shida ba.

Da na fito na same shi zaune a tashar bas da ke tsallaken titi. Muka shiga mota ɗaya zuwa gida.

Surukata ce ta buɗe mana ƙofa, tana murmushi. "A'a, yau kun taso tare?"

Dong-su bai ko cire takalmi ba ya durƙusa ya gaya mata komai. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Tun Janairu na sani. Matar direban masaƙarku ta faɗa mini a kasuwa."

"Umma, kika yi shiru?" na ce.

"Ina jira ya faɗa da bakinsa. Ku wanke hannu, miya tana hucewa."

Ba mu je kotu ba. A watan Yuni Dong-su ya samu dako a kasuwar Seomun, yana sauke bandir-bandir na yadi daga motoci. Wanda ya ɗauke shi aikin tsohon yaronsa ne a masaƙa, kuma har yau yaron bai iya kiran Dong-su da suna ba, sai dai "Manaja".