Shekarar da Indo Ta Hana Tikitin Kasuwa

A Kukar Nomau, wani ƙauye na ƙasar Takieta, in aka ce Indo ba a tambayar wace Indo. Ita ce mai man gyaɗa, ita ce shugabar mata masu toya ƙuli-ƙuli, kuma ƙanwar mai gari Yakuba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Doguwa ce mai murya, in ta yi magana a bakin rijiya ana jin ta har ƙofar masallaci.

A shekarar da abin ya faru, iskar ruwan farko ta kwashe rumfar mata a kasuwa. Dama ta kara ce, gara ta daɗe da cin itatuwanta. Damina ta wuce, kaka ta shigo, ba wanda ya tada ita. Mata suka koma zaman rana da kwalaben mai a gabansu, masu saye kuwa suna leƙowa su wuce.

Ran wata kasuwa Ɗanƙarami ya zo, mai yankan tikitin meri, wato ma'aikatar magajin gari ta komin ɗinsu, ƙaramar hukumarsu ke nan. Ya miƙa wa Indo tikiti kamar kullum. Ta dube shi, ta dubi sama.

"Tikitin me, Ɗanƙarami? Na rana? Ai ita Allah ya ba mu kyauta."

Mata suka tuntsure da dariya, kuma a ranar ba wadda ta biya. Kafin wata ya mutu maganar ta shiga gidaje. Maza suka ce in haka ne su ma ba su ba da lanho, harajin kai da mai gari ke tarawa duk shekara. Kowa bakinsa ɗaya: kuɗin Yamai yake tafiya, manya su sayi motoci.

Yakuba ya zo gidanta da hantsi, ya same ta tana murza gyaɗa. Bai zauna ba.

"Indo, kin ɗaure ni. In na je gaban sarki hannu wofi, me zan ce? Ƙanwata ta hana?"

"Ka ce gaskiya, Yaya. Ka ce rumfa muke so."

"Kin san wanda ke da rumfar? Kin san inda kuɗin ke zuwa, ko ji kika yi ana faɗi?"

Indo ba ta son a kama ta tana faɗin abin da ba ta gani ba. Ta goge hannu a zane ta ce, "To, zan je in gano."

Da ta kai man gyaɗarta Damagaram, ta sauke wa mai sayenta a Kasuwar Dole, sai ta hau kabu-kabu ta ce a kai ta gidan haraji na gwamnati. Mai gadi ya nuna mata benci. Da layi ya zo kanta ta shiga wani biro, wato ofis, ta tarar da wata ma'aikaciya mai tabarau, Ummul Khairi, wadda ba ta wuce sa'ar ƴarta ta fari ba. Indo ta gaishe ta, ta faɗi sunan ƙauyensu, sannan ta ce ta zo ne a ba ta rumfarsu ko a mayar mata da kuɗin tikitin da ta yi shekaru tana biya.

Ummul Khairi ba ta yi dariya ba. Ta jawo mata kujera.

"Inna, tikitinki bai taɓa shigowa nan ba. Shi da lanho na komin ne. Mai gari ya tara ya kai meri, can suke tsayawa. Da su ake gyaran kasuwa da rijiyoyi da sauran aikin gari."

"To ku me kuke karɓa?"

"Mu na ƙasa muke karɓa. Na kamfanoni, na albashi, na manyan ƴan kasuwa. Akwai kuma patanti da masu kanti ke biya, mu ke karɓarsa, amma ana mayar wa komin da rabonta. Kayan da ke shigowa daga waje kuwa, duwan ke karɓa a bakin iyaka."

"Ke nan ni Yamai ba ta cin komai nawa?"

"Tana ci mana. In kin sayi sabulu ko atamfa ko katin waya, harajin yana cikin kuɗin tun kafin ya iso hannunki. Da irinsa ake biyan malamin makarantar lakwal da ungozomar likita da soja, a yi kwalta."

Indo ta riƙe haɓa. "Ashe ina biya ina barci." Sannan ta ce, "To ƴata, rumfa wa zan kama?"

"Magajin garinku da konseyoyi, wakilan da kuka zaɓa. Suna zama su raba kuɗin shekara, kuma zaman ba na ɓoye ba ne. Kowa na iya shiga ya saurara."

Ta dawo gida ba ta ji kunyar komai ba. Ta tara mata a gindin kuka ta ce musu ta yi kuskuren ƙofa, amma ba ta yi kuskuren magana ba. Ranar zaman ta sa atamfarta ta biki, ta ɗauki abokiyarta Hadiza, suka bi Yakuba a amalanke zuwa meri.

Suka zauna a baya. Indo ta saurari ƙauyuka suna roƙo: wannan famfo, wancan ɗakin karatu, wani maƙabarta ba katanga. Da aka zo kan Kukar Nomau, magajin gari, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce kasuwar ba ta kawo abin da zai sayi ko kwano biyu na rufi, yanzu ma ta daina kawowa gaba ɗaya. Indo ta ɗaga hannu. Aka ce ba konseye ba ce. Dattijon ya ce a bar ta.

"Ranka ya daɗe, ni na hana tikiti, kuma ban ɓoye ba. Amma ka ce kasuwarmu ba ta kawo komai? Gyaɗar da ke fita daga garinmu a kaka tana cika motoci."

"Ba ta biyo ta kasuwa ba, Hajiya," in ji shi. "Abin da bai shiga kasuwa ba, mai tikiti ba ya ganinsa."

Nan Indo ta gane, don abu ne da take gani da idonta kowane mako. Mai Nasara, babban mai sayen gyaɗa daga Damagaram, ba ya shiga kasuwa. A bayan gari yake tsayar da motarsa tun da safe, yaransa su tare masu buhuna a hanya, su auna su loda. Kafin kasuwa ta ci, ya kama hanya. Matan da ke sayar da kwalba ɗaya biyu su ke biya, mai motar bai taɓa biyan ko dala ba.

Ta ce, "In na shigo maka da motar nan cikin kasuwa, za ka sa rumfarmu a aikin bana? Ta ƙarfe, ba ta kara ba."

Konseyoyi suka yi ta gardama, wasu na cewa ƙauyukansu sun riga. A ƙarshe aka yarda: in kasuwa ta kawo, rumfa ta shiga.

Aikin ya fi wuya a gida. Maza suna son Mai Nasara don yana ba su bashi da bazara. Indo ta bi gida gida tana roƙon kada kowa ya sayar masa da gyaɗa a bayan gari, ta fara da mijinta. Yakuba ya sa mai shela ya faɗa cewa ciniki a kasuwa ake yi. Ran kasuwa motar ta tsaya a bayan gari har rana ta take, ba buhu ko ɗaya. Da azahar sai ga Mai Nasara ya shigo a ƙafa, babbar riga a kafaɗa, ya nufi wurin Indo.

"Hajiya, me na yi miki?"

"Ba komai, Alhaji. Bismilla, ga ƙuli mai zafi. Kasuwa ce muka ce ka shigo."

"In na koma wani gari fa?"

"Allah ya kiyaye hanya. Sai dai ka san gyaɗar Kukar Nomau ba ta da tsakuwa, kuma akwai wani ɗan Takieta da ke ta tambayarmu."

Ya ɗauki ƙulin, ya tauna yana kallonta. Can ya yi dariya, ya aika a shigo da mota. Ɗanƙarami ya yanka masa tikitin buhuna. Indo ta kira shi ta biya nata a gaban kowa, mata suka bi. Lanho ma ya taru a wannan kaka, ba duka ba, amma Yakuba ya je gaban sarki da fuskarsa.

Rumfar ba ta zo da wuri ba. Indo ta yi ta zarya meri har masu gadi suka san tafiyarta, kuma da aka gina sai ta fito ƙarama, ba ta ɗauke mata duka ba. Masu fura suka yi fushi don an bar su a waje. Indo ta ce su riƙa juyawa, mako wannan mako wancan, ita ma ta ɗauki nata makon ranar.

Da lokacin zaman gaba ya kusato, Hadiza ta tambaye ta ko za su sake zuwa.

"Za mu je," in ji Indo. "Amma amalanke ɗaya ba zai ɗauke mu ba. Ki gaya wa masu fura su shirya, su ma su buɗe bakinsu."